Dusar inabi, anzim, da jan ɓawon gyaɗar da muke sheƙewa

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Garwa, kuma ina cikin ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dambun nama da ruwan folere. Ƙanena da ke karatun sarrafa abinci a Ngawundare ya ce mini a Turai ana kwashe abin da ya rage bayan an matse inabi don yin giya, a zuba masa wani abu da ake kira anzim, a fitar da sinadarin da ke hana abinci lalacewa. Mu kuwa damuwarmu ke nan, domin da bazara mai da dambu suna juyawa kafin mu sayar. Shin maganar gaskiya ce? Yaya abin yake aiki? Kuma ko za mu amfana da shi, tunda ba ma noman inabi, giya kuma ba abinmu ba ce?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ƙanenki ya faɗa gaskiya ne, kuma aiki ne da aka shafe fiye da shekara 25 ana bincike a kansa. Kamar yadda na fahimta, kina son sanin mene ne a cikin wannan shara da ya sa ake wahala a kanta, me anzim yake yi mata, sannan ko dabarar za ta tsallako Garwa ta yi wa mai da dambu magani. Zan bi su daki-daki, amma zan fi daɗewa a kan na biyu, domin a nan ne mutane suka fi yin hasarar kuɗi.

Abin da ke juya mai

Idan man gyaɗa ya fara wari yana maƙaƙi a maƙogwaro, iskar oksijin ce ta shige shi. Tana kama wasu sassa masu rauni a jikin kitsen, ta haifar da ɓaraguzan sinadari marasa natsuwa da ake kira radikal, kowane ɗaya ya far wa na kusa da shi, shi ma ya far wa na gaba, kamar yadda gobarar dajin kaka ke cin ciyawa. Zafi da hasken rana da ɗan tsatsar ƙarfe ko tagulla suna hura wannan wuta, shi ya sa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kayanku suka fi saurin juyawa. Man auduga ya fi na gyaɗa wannan rauni, domin fiye da rabinsa asid ɗin linoleyik ne, wanda oksijin ke saurin kamawa.

Antioksidan shi ne duk sinadarin da ke tare wannan gobara. Yana miƙa wa radikal ƙwayar haidirojin guda ya kwantar da shi, wani kuma yana ɗaure ƙarfen da ke hura wutar. Masana'antu sun daɗe suna amfani da na haɗi, irin su BHA da BHT da TBHQ, waɗanda za ki gani a jikin kwalaye da lambobin E320 da E321 da E319. Suna da araha kuma suna aiki, amma masu saye da yawa sun fi son abin da ya fito daga tsiro, kuma wannan ne ya tura masu bincike cikin sharar gonaki da masana'antu.

Dusar inabi

Idan an matse inabi, kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinsa yakan rage: fatar 'ya'yan, ƙwayayen ciki, da ɗan karan da suke rataye a kai. Faransawa suna kiransa marc, ni kuma zan kira shi dusar inabi, domin matsayinsa ɗaya da dusar da ke fita a sussuka da surfe, ko tunkuzar da ke ragewa bayan kin tatse mai. Italiya da Faransa da Sifaniya su ne kan gaba a wannan sana'a, kuma duk shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, miliyoyin tan na dusar suna taruwa cikin makonni kaɗan, jiƙe sharkaf, fiye da rabin nauyinta ruwa. Idan aka jibge ta a fili takan yi tsami ta yi wari, ruwan da ke tsiyaya daga gare ta kuma ya gurɓata ƙasa da rafi. Tun da daɗewa akwai masana'antun da ke karɓarta su fitar da barasa da asid ɗin tartarik da man ƙwayar inabi da kuma launin abinci mai lamba E163, kamar dai yadda Sodecoton ke mayar da ragowar irin auduga abincin shanu bayan an tatse mai.

Abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne dangin sinadaran antioksidan da ake kira polifenol, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu ba ya bin ruwan inabin, a dusar yake zama. A fata akwai antosiyanin, mai ba da launin ja da shuɗi-shuɗi, da kwasetin, da ɗan resberatrol wanda sunansa ya fi yawansa. A ƙwaya kuma akwai katecin da tanin, waɗanda su ne ke ba da bauri, irin wanda kike ji idan kin ciji ɗanyen mangwaro ko goro.

Aikin anzim

Anzim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta aiki guda ɗaya tak, shi kuma bai ƙare ba. Kin san shi tun kafin ki ji sunansa. Shi ne a cikin ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi ya yi laushi, shi ne a cikin tsiron dawa da ke tsinka kunu ya mayar da shi mai zaƙi. Wanda ke yanka nama ba ya taɓa sitaci, wanda ke tsinka sitaci ba ya taɓa nama, kowane da makullinsa.

To, fatar inabi tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa. An gina bangon da zaren seluloz mai ƙarfi, an ɗaure shi da hemiseluloz, an yaɓe da pektin, kamar zana da aka kafa aka yaɓe da laka. Wasu polifenol suna narke a cikin ɗakin, suna fitowa da zarar ruwa ya shiga. Wasu kuwa, musamman tanin masu dogon jiki, sun manne da bangon kansa, ruwa zalla ba ya raba su. Sai a kawo anzim ɗin pektinas ya narkar da yaɓen, 'yan uwansa selulas da hemiselulas su sassare zaren, bango ya yi rauni, abin da ke ciki ya samu hanya. Akwai kuma tanas, wanda ke yanke asid ɗin galik daga jikin wasu tanin, ya bar ƙananan sinadarai masu sauƙin narkewa. Daga naman gwari ake samun waɗannan anzim, wato irin furfurar da ke fita a jikin abinci, musamman Aspergillus niger da Aspergillus aculeatus da Trichoderma reesei, waɗanda ake renonsu a manyan tankuna. Ba daga jikin dabba suke ba. Sunayen da ƙanenki zai yi ta cin karo da su a karatunsa su ne Pectinex da Celluclast da Viscozyme, na kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak, wanda ya koma Novonesis a 2024. A Denmak ɗin ne ma Anne Meyer da abokan aikinta suka wallafa ɗaya daga cikin bincike na farko a kan wannan dabara a 1998, kuma cikin abin da suka lura da shi akwai cewa laushin niƙa yana da babban tasiri a kan abin da ke fita.

Yadda ake yi a ɗakin gwaji ba shi da sarƙaƙiya. Ana busar da dusar a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba, a niƙe ta, a dama da ruwa kamar kashi ɗaya na gari ga kashi goma na ruwa, a daidaita tsamin ruwan ya tsaya tsakanin 3.5 da 5 a ma'aunin tsami na pH, a zuba anzim kaɗan, sannan a riƙe zafin tsakanin digiri 40 da 50 ana motsawa, daga awa ɗaya zuwa awoyi da dama. Daga nan a ɗaga zafin zuwa kusan digiri 90 na 'yan mintoci don a kashe anzim ɗin, a tace, a ƙafar da ruwan ko a mayar da shi gari.

Ina so ki riƙe abu guda a nan, Hajiya, domin shi ne ƙashin bayan amsata: anzim ba ya ƙirƙirar antioksidan, ƙofa kawai yake buɗewa. Idan dusar ta kwana uku a jibge ta yi zafi, ko an shanya ta a tsakar rana har launinta ya ƙoɗe, babu anzim ɗin da zai dawo da abin da ya tafi. Tsiron ma yana da nasa anzim mai lalata polifenol da zarar an yanka shi iska ta shiga. Ki fasa farin goro ki ajiye ɓarin a kan faranti, kafin ki gama gaisawa da baƙuwa za ki ga fuskarsa ta fara yin ja-ja, daga baya ta yi duhu. Wannan shi ne abin da ke faruwa da kowace dusa mai danshi da aka bari.

Abu na biyu, hanyar da ta fi fitar da polifenol da yawa a mafi yawan gwaje-gwaje ita ce jiƙawa a cikin barasar etanol da aka gauraya da ruwa, kamar kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Fa'idar anzim ita ce yana ba ruwa zalla damar matsowa kusa da wannan sakamako, a zafi mai sauƙi, ba tare da sinadari mai kama wuta ba, kuma ragowar dusar tana nan lafiya a ba dabbobi. Amma ƙarin da yake kawowa yana hawa yana sauka gwargwadon irin inabin da irin anzim ɗin da yadda aka niƙa, wani lokaci ya yi yawa, wani lokaci bai kai kuɗin da aka kashe ba.

Yana kuma iya yin ɓarna, kuma wannan na gani da idona. Akwai shekarar da muka gwada wani pektinas na tace ruwan 'ya'yan itace a kan ragowar folere da aka riga aka dafa sau ɗaya. Muka bar kwalabe biyu a ruwan ɗumi da yamma, ɗaya da anzim ɗaya babu. Da safe mai anzim ɗin ta fi sakin ruwa, ta fi sauƙin tacewa, amma jan nan mai ƙyalli ya tafi, ya koma kamar ruwan shayin da aka tsinka, alhali ɗayar tana nan jawur. Dalili shi ne anzim na kasuwa ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da 'yan rakiya, cikinsu har da beta-gulukosidas, wanda ke cire sukarin da ke riƙe da antosiyanin. Da zarar sukarin ya fita, launin ba ya daɗewa. Tun daga ranar ban sake yarda da gwajin da ba a ajiye kwalbar da babu anzim a gefensa ba.

Batun giya

Hukunci na malaman fiƙihu ne, ni abin da ke wuyana shi ne in bayyana yadda kayan yake don tambayar da za ki kai musu ta fita sarai. Dusar inabi iri biyu ce. A jar giya ana barin fata da ƙwaya cikin ruwan har ya gama tsima, saboda haka dusar tana fitowa da ragowar barasa a jikinta, wadda ke tashi idan an busar. A farar giya kuwa ana matse inabin tun kafin ya tsima, dusar ta fito da zaƙinta kamar ta kowane ɗan itace. Akwai kuma dusar masana'antun da ruwan inabi zalla suke yi, wadda ba ta haɗa hanya da giya ko kaɗan. Sannan akwai tambaya ta daban game da abin da aka jiƙa dusar da shi, etanol ne ko ruwa, kuma a nan hanyar anzim tana sauƙaƙa lamarin ga mai son kauce wa barasa gaba ɗaya.

Sai dai a aikace wannan tambaya ba za ta tsare ki ba, domin dusar inabi ba kayanmu ba ce. Babu gonakin inabin matsa a Arewacin Kamaru ko Cadi da za su tara ta, kuma ɗauko shara mai danshi daga Turai zuwa Duwala, a hau da ita jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, a ƙarasa da mota Garwa, ba lissafi ba ne. Dabarar ce abin ɗauka.

Abin da ke tsakar gidanki

Duk ranar da kuka soya gyaɗa kuka murje kuka sheƙe, jan ɓawon nan mai laushi da iska ke kwashewa ya cika tsakar gida, kusan kashi 3 cikin ɗari ne na nauyin ƙwayar, kuma yana cike da tanin 'yan uwan na ƙwayar inabi. Tarihin abin ma daga gyaɗa ya faro. A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin harhaɗa magunguna a Bordo ta Faransa, Jacques Masquelier, daga jan ɓawon gyaɗa ya fara ware waɗannan sinadarai, sai daga baya ya koma ɓawon itacen fayin da ƙwayar inabi. Ɓawon gyaɗa ya fi dusar inabi da abu biyu: a bushe yake fitowa, kuma a kowane lokaci na shekara kuna da shi.

Bayan shi akwai ɓawon mangwaro, wanda ke da pektin mai yawa, shi ya sa a ganina shi ne ya fi dacewa da pektinas, domin idan aka dama shi da ruwa yakan yi yauƙi ya ƙi tacuwa sai an narkar da yaɓen. Akwai dusar jar dawa da karan dafi, masu wani irin jan launi da ya fi na inabi jure zafi, wanda dukawa suka daɗe suna rina fata da shi. Folere, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira zoɓo, na Cadi kuma karkanji, launinsa yana fita da ruwan zafi kawai, ba ya buƙatar anzim a dafuwar farko. Ko tsamin da anzim ke so kuna da shi, domin asid ɗin da ke cikin tsamiya shi ne tartarik na inabi. Kanwa kuwa a nisanta ta, kin ga yadda ɗigonta ke mayar da folere baƙi-baƙi.

Game da kayanku, dole in raba mai da dambu. Polifenol ɗin da aka fitar da ruwa ba ya narkewa a mai, idan kin zuba sai ya kwanta a gindin jarka, ruwan da ya shigo da shi kuma ya ƙara ɓata man. Don haka ga man gyaɗa, kafin a yi maganar anzim, a soye ruwan da ke cikinsa sarai, a tace tukuf, a cika jarka har wuya don iska ta rasa wurin zama, a yi amfani da mazubi mai duhu, a raba shi da tukunyar da ta yi tsatsa, kuma kada a jera kwalabe a rana bakin hanya. Wannan kaɗai yana ƙara wa mai kwanaki fiye da yadda ake zato. Dambun nama da labun kilishi su ne inda ruwan ɓawon gyaɗa zai iya yin tasiri, domin ana iya zuba shi tun a dahuwa ya ratsa naman. Kanumfari da citta da kuke sakawa ma suna wannan aiki, musamman kanumfari. A kula da yawa, domin tanin idan ya wuce kima bauri zai fito a baki, launin nama kuma ya yi duhu.

Akwai haɗari guda da ba zan tsallake ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, wadda tafasa ba ta kashewa, kuma duk hanyar da ke tattara sinadari mai amfani tana iya tattara guba tare da shi. Ɓawon da za a yi wannan aiki da shi sai na gyaɗar da aka tsince da hannu, aka zubar da ruɓaɓɓu da masu ɗaci da waɗanda suka yamutse. Dusar inabi ma tana da nata, wato gubar okratoksin da ragowar maganin feshi. Haka nan damammen gari da aka riƙe a digiri 45 na awoyi wuri ne da ƙwayoyin cuta ke so, shi ya sa tsamin ruwan da tafasar ƙarshe ba abin wasa ba ne. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, dole a rubuta a jikin leda cewa akwai ta.

Kada kuma kowa ya sa ku rubuta cewa kayanku yana maganin hawan jini ko ciwon suga. Ƙarfin da sinadari ke nunawa a kwalbar gwaji daban yake da abin da yake yi a jikin mutum bayan hanji da hanta sun sarrafa shi. Saboda irin wannan ruɗani ne ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan na abinci a 2012, bayan 'yan kasuwa sun mayar da shi abin talla. Kare abinci daga juyawa abu ne da ake aunawa a gani, kuma a kansa nake magana.

Inda zan fara da ni ce ke

Anzim na kasuwa daga waje yake zuwa, ana sayensa da tsada, yana son firji, kuma ɗaukewar wuta ta kwana biyu da bazara tana iya rage masa ƙarfi ba tare da kin gani a ido ba. Saboda haka ba zan ce ku saya yanzu ba. Ku tara jan ɓawo mai tsabta, ku niƙa shi laushi, ku jiƙa awo ɗaya a ruwa awo goma mai ɗumin da hannu ke iya jurewa, da ɗan ruwan tsamiya, na awa biyu, ku tafasa kaɗan ku tace da ƙyalle mai tsabta. Ku yi dambu tukunya guda daga nama guda, ku raba uku: kashi ɗaya yadda kuka saba, ɗaya da ruwan ɓawo kaɗan, ɗaya da ninkinsa. Ku zuba a mazubai iri ɗaya, ku ajiye wuri ɗaya, duk mako a ba mata uku ko huɗu da ba su san wanne ne wanne ba su shinshina su ɗanɗana, a rubuta abin da suka ce.

Idan bambanci ya fito, a nan ƙanenki zai shigo. A makarantarsu ta ENSAI, gwajin Folin-Ciocalteu zai nuna yawan polifenol ɗin da ke cikin ruwan, gwajin DPPH kuma, wanda ruwansa ke juyawa daga shunayya mai duhu zuwa rawaya, zai nuna ƙarfinsa, sannan a auna adadin peroksid na man da ke cikin dambun, wato ma'aunin yadda mai ya juya, wanda ƙa'idar abinci ta duniya mai suna Codex ta tsayar da iyakarsa a 15 ga man da ba a tace a masana'anta ba, 10 ga tatacce. Shi ne kuma zai iya samun cokali guda na selulas ko pektinas ya ƙara kwalba ta huɗu a jerin, a ga ko abin da ta ƙara ya biya kuɗinta. Ki ce masa ya auna ɓawon gyaɗar da aka soya da na ɗanya daban-daban, domin wutar suya tana canza abin da ke ciki, kuma naku duk soyayye ne.